Tambaya da Amsa: Ta yaya zan koyar da netwok alhali kwamfutocinmu ba su kai biyar ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Sakkwato. Lissafi na karanta, amma saboda ƙarancin malamai aka haɗa mini da darasin kwamfuta. Zangon nan mun iso kan netwok, ga shi kwamfutocin da ke aiki ba su kai biyar ba, wuta kuma sai ta ga dama. Me zan yi yaran nan su gane, ba hadda kawai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira. Karatun lissafin da kika yi shi ne babban makaminki a nan, domin netwok a wurin masu lissafi ya fara tun kafin a ƙera kwamfuta. Abu biyu ne ginshiƙinsa: ɗigo, da layin da ya haɗa ɗigo da ɗigo. Ɗigon zai iya zama kwamfuta, ko gari, ko mutum. In yarinya ta kama wannan, sauran duk bayani ne.

Ki sayi ƙulli ɗaya na zaren saƙa a kasuwa, ki fito da ɗalibai shida fili. Ɗaya ta tsaya a tsakiya, sauran biyar kowacce ta riƙe zare zuwa hannunta. Zare 5 ke nan, kuma wannan shi ne tsarin tauraro da ake amfani da shi a yawancin ofisoshi, inda kowace kwamfuta ke da wayarta zuwa akwati ɗaya. Sai ki ce wa ta tsakiya ta saki zaren duka. Za ki ga biyar ɗin sun tsaya cirko-cirko, babu mai hanyar kai saƙo ga 'yar'uwarta. Daga nan su yi da'ira, kowacce ta riƙe na dama da na hagu: zare 6, tsarin zobe. A tsinke ɗaya, saƙo zai zagaya ta ɗaya gefen, a tsinke biyu, sun rabu gida biyu. Na ƙarshe, kowacce ta haɗu da kowacce kai tsaye. Kada ki faɗa musu adadin, su ƙirga da kansu har su samu 15.

A nan lissafi ke shigowa da ƙarfinsa. Ki tambaye su: in ajin mutum 40 ne, zare nawa? Kowacce tana buƙatar 39, sai a ninka da 40, a raba biyu saboda zare ɗaya mutum biyu ke riƙe da shi. Amsa 780, alhali tauraro 39 kacal yake ci. Yarinyar da ta fitar da wannan da hannunta ta riga ta san dalilin da ya sa injiniya ke zaɓen tsari mai araha duk da rauninsa.

Su ga yadda saƙo ke tafiya a intanet ma. Ki rubuta jimla a takarda, ki yanka ta uku, ki sa lamba 1, 2, 3 da sunan wadda za a kai wa. Kowane yanki ya bi hanyarsa daga hannu zuwa hannu, mai karɓa ta jera su bisa lamba. Ki ɓoye yanki na 2 da gangan, ki ga ko za ta ce a sake turo mata. Haka kwamfutoci ke yi. Kuma ki gaya musu ARPANET, wadda intanet ta samo tushe daga gare ta, a ƙarshen 1969 wurare huɗu kawai ta haɗa a Amurka. Su shida da zarensu sun fi ta yawa.

Akwai tsohuwar matsala da nake so kowane ɗalibi ya ɗanɗana. Birnin Konigsbag, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, a da can kogi ya raba shi yanki huɗu, gadoji bakwai suka haɗa su. Shin mutum zai iya bi ta kowace gada sau ɗaya tak? A 1736 Leonhard Euler ya nuna ba zai yiwu ba. Hujjarsa mai sauƙi ce: duk yankin da za ka ratsa, sai ka shiga ta wata gada ka fita ta wata, don haka gadojinsa su zama bibbiyu. Mafari da maƙura kaɗai aka yi wa rangwame. A can kuwa yanki ɗaya gada 5 gare shi, sauran ukun 3 kowanne. Ki zana a allo, ki bar su su sha wahala minti goma kafin ki buɗe musu sirrin.

Sannan ki dawo da su gida. Daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi ana bi ta Argungu, ana kuma bi ta Tambuwal da Jega. Su tambayi iyayensu ko direban da suka sani nisan kowane zango, da kuɗin mota, da lokacin da ake ɗauka, su rubuta a kan layukan. Hanya mafi kusa ba dole ta zama mafi sauri ba in titi ya lalace. Irin wannan lissafin ne Edsger Dijkstra ya wallafa dabararsa a 1959, kuma har yau ana amfani da ita wajen zaɓa wa saƙo hanya.

Ina ba ki shawara ki zauna da malaman kimiyya, domin abin da kike koyarwa suna koyar da shi da wani suna. Mahaɗar wayoyi a darasin lantarki ɗigo ce, kuma dokar Kirchhoff cewa take wutar da ta shiga mahaɗa ita za ta fita. Mai koyar da halittu yana zana wa ke cin wa a fadamar Rima: shinkafa, fara, jan baki, kwaɗo, maciji, shaho. Bambancin kawai layukansa kibiya gare su. A cire kwaɗo, a bi kibiyoyin a ga abin da zai samu shinkafa. Yaɗuwar ƙyanda ma haka, duk yaron da aka yi wa rigakafi ya toshe hanyoyin da cutar za ta bi ta kansa.

Tunda 'yan mata kike koyarwa, kada ki bar 'Yan Taru a baya. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji da ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, su koma su koyar da matan garuruwansu. Su zana wannan a matsayin aikin gida, su faɗi wane tsari ne, da kuma wa zai yanke daga karatu in jaji ɗaya ta kwanta ciwo.

Jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake yi, saboda haka sunayen tsare-tsaren da ma'anar LAN (netwok na wuri ɗaya, kamar makaranta) da WAN (netwok mai haɗa wurare masu nisa) dole su shiga littafinsu. Ki ajiye wannan sai darasi na uku, kuma kusa da kowane suna su zana hoton yadda suka tsaya da zaren, su rubuta adadin da suka ƙirga.