Tambayi Kawu: An tafi hutun zari-ruga, Asabar ta zame min fanko

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya damina. Kawu matsalata in na faɗa wa mutane dariya suke min shi yasa na kawo ta wajenka. Ni mai son zari-ruga ne, ragbi kenan, tun ina jami'a wani abokina ya nuna min wasan Toulouse, wani kulob na Faransa, a waya daga nan na kamu, yau shekara shida. Ina da ɗan shagon gyaran waya a wajen Terminus, daga Satumba har Yuni in na rufe shago ranar Asabar gida nake zarcewa in kunna wasan Faransa ko na Ingila, to yanzu an buga fainal an tafi hutu sai Satumba kuma wallahi ji nake kamar an min sata. Ga ruwa yana ta zuba ga sanyi, sai in zauna ina ta latsa waya ba abin da nake gani. Abokaina duk 'yan Arsenal da Barca ne, a gidan kallo ko roƙo na yi ba a saka min. Maiɗakina ma ta ce na fara saurin fushi kwanan nan. Dan Allah lafiyata ƙalau kuwa, kuma me zan yi da wata biyu da ɗoriya?

Ɗanka, daga Unguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Lafiyarka ƙalau, kuma ni ba zan yi maka dariya ba, don duk wanda ya saba da abu wata goma a jere, rana ɗaya lokaci ɗaya, in aka janye masa dole ya ji wurin ya yi rami. Ɗan dambe ma haka yake ji in damina ta sauka kowa ya tafi gona aka tashi fage.

Amma fa ka gane wani abu, Turai ce ta tafi hutu, zari-ruga bai tafi ko'ina ba. Lokacin da su suke zafinsu mu muke daminarmu, a kudancin duniya sanyi ake yi, kuma sanyi shi ne lokacin wasan nan. Kai dai idonka ne ya saba kallon Faransa da Ingila. Juya shi kudu.

A watan Yuli ƙasashe ne ke haɗuwa, su Ingila da Faransa da Ailan su kwashi kaya su tafi baƙunta Niyu Zilan ko Ostireliya ko Ajantina ko Afirka ta Kudu. Daga Agusta kuma a yawancin shekaru akwai Rugby Championship, gasar waɗannan ƙasashe huɗu na kudu, Ajantina ce ta shigo daga baya a 2012. Ga lissafin lokaci don kar ka sha wahala: Afirka ta Kudu awa ɗaya kawai ta fi mu, wasan biyar na yammansu ƙarfe huɗu ne a Jos. Niyu Zilan awa 11 ce tsakaninmu a wannan lokacin, wasan da suke bugawa bakwai na dare kai takwas na safe zai same ka, kana shan shayi kafin ka fita shago. Ajantina kuma mu ne muka fi su da awa huɗu, nasu da dare yake zuwa mana.

Wadda na fi so ka kama ita ce Currie Cup ta Afirka ta Kudu, tsohuwar gasa ce sosai tun ƙarni na 19 ake yinta, kuma a 'yan shekarun nan daidai hutunku take faɗowa, SuperSport suna nunawa. Daɗinta shi ne manyan 'yan wasa suna can tare da Springboks, tawagar ƙasar, sai ka ga yara sababbin jini da ƙananan ƙungiyoyi suna neman suna da gaske, a 2022 Pumas da ba wanda ya sa su a lissafi suka je har Kimberley suka doke Griquas suka ɗauki kofin karon farko a tarihinsu. Kuma kai ɗan Jos akwai abin da za ka fi kowa ganewa, filin Ellis Park na Johannesburg yana kan tudu kusan mita 1,750 sama da teku, mu nan muna wajen 1,200, iska ba ta da kauri a can shi yasa ƙwallo ke tafiya da nisa in an buga ta, baƙi kuma numfashinsu ya ƙare a minti ashirin na ƙarshe. Ka tuna yadda ɗan Legas yake haki in ya zo nan ya hau dutsen Shere, to haka ne.

Niyu Zilan ma suna da tasu ta larduna daga Agusta, a cikinta akwai Ranfurly Shield, wata garkuwa da ake riƙewa kamar kambun dambe, mai ita yana gida ana zuwa ana ƙalubalantarsa, ranar da aka ci shi sau ɗaya an tafi da ita kenan. In ka ga yadda ƙaramin gari ke fitowa kaf ranar da suka karɓo ta za ka so abin.

Daren da aka ɗauke wuta ko ba wasa, World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, suna da tsofaffin wasanni a YouTube da RugbyPass TV kyauta, data kawai za ka saya. Nemi wanda Jonah Lomu na Niyu Zilan ya ci Ingila tirai huɗu, wato ya dire ƙwallo bayan layinsu sau huɗu, a 1995, da fainal ɗin shekarar da Mandela ya fito da riga mai lamba 6, da wanda Japan ta doke Afirka ta Kudu 34 da 32 a 2015. Ka sauke su da rana a shago in netwok ya yi kyau.

Su kuma 'yan wasanka ka yi musu uzuri, hutun nan ba na jin daɗi ba ne. Mutum mai kilo ɗari da wani abu ya yi ta karo da irinsa minti 80 duk sati wata goma, jiki ba ƙarfe ba ne, wasunsu a wannan tsakanin ake musu aikin kafaɗa da gwiwa. Maganar buguwar kai ma ta yi tsanani har a 2022 aka sa dokar cewa mafi yawan ƙwararrun da suka bugu a ka sai sun yi aƙalla kwana 12 kafin su dawo fili. In kana son ka ga Dupont, gwarzon Toulouse, da ƙafafunsa a Satumba to dole ya huta a Yuli.

Yanzu bari in zo inda wasiƙarka ta fi taɓa ni. Ka ce shekara shida kana kallo, amma ban ji ka ambaci mutum ɗaya da kuke kallo tare ba, ban kuma ji ka ce ka taɓa riƙe ƙwallon a hannunka ba. Ina ganin nan ne ciwon yake ɗana. Ɗan Arsenal in an tafi hutu yana da majalisa, za su yi ta musu a bakin mai shayi har Agusta, kai kuwa in aka kashe talabijin shikenan ba kowa. Ko na cika maka jadawali da wasannin duniya, in kai kaɗai ne a ɗaki ramin yana nan.

Ka sayi ƙwallo ɗaya. In ba ka samu a kasuwa ba ka sa a kawo maka daga Abuja ko Legas, lamba 4 ta fi dacewa da hannun yara. Ka nemi izinin mai makaranta ko mai unguwa, ka tara yara goma sha biyu da yammar da ruwa ya ɗauke, ku yi na taɓawa, wanda ba kayarwa, in an taɓa ka da hannu biyu ka tsaya ka miƙa baya, taɓawa shida ƙwallo ta koma wa ɗaya ɓangaren. Doka ɗaya ce za ta ba su wuya, wato ba a jefa ƙwallo gaba, sati biyu za su kama. Dan Allah kar ka yarda a yi kayarwa ko turereniyar nan ta sikiram ba tare da koci wanda ya sani ba, ƙasar Jos tsakuwa ce da duwatsu ga santsin damina, kuma wuya in ya karye ba a ɗora shi. Ka gaya wa iyayensu tun farko abin da ake yi.

In yara suka ce wannan wasan Turawa ne ka nuna musu Maro Itoje, iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ne ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025 kuma ya jagoranci Lions, haɗakar tawagar Birtaniya da Ailan, zuwa Ostireliya a shekarar. Ka nuna musu Siya Kolisi da ya taso cikin talauci a Zwide ya ɗaga kofin duniya sau biyu, 2019 da 2023. Ka gaya musu Kenya ta taɓa doke Fiji a fainal ɗin 'yan bakwai-bakwai a Singafo a 2016, kuma mu ma muna da tawagar ƙasa, Black Stallions, a Kano ma akwai kulob ɗin Barewa.

Maganar maiɗakinka kuma kar ka ɗauke ta da wasa. Baiwar Allah wata goma tana haƙuri da yammacin Asabar, yanzu da ya kamata ta same ka sai ta samu fushi, wannan ba daidai ba ne, ka ba ta haƙuri yau ɗin nan kar ka bari sai gobe. Tunda wasannin Niyu Zilan da safe suke zuwa, wasu Asabar ɗin yammarka tata ce, ku je gaida iyaye, ko ka raka ta Farin Gada cefane ka riƙe mata kaya.

Ka rubuto min ƙarshen Agusta ka faɗa min yara nawa suka taru, in sun kai ashirin ina da tsohon usur a gida zan aiko maka da shi.

Kawu