Amsa ga Malam kan gambarar zamani ta 'ya'yan zango

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, na ga tambayarka kan yadda mu iyayen zango, wato unguwannin Hausawa a Akara, babban birnin Ghana, muka zuba ido 'ya'yanmu suna gambarar zamani, abin da ka kira kwaikwayon Amurka. Ba na musun cewa salon kiɗan daga can ya zo, sai dai ina roƙon ka dubi harshen da suke rera ta da shi.

Fataucin goro ya kawo kakanninmu garin Salaga da ke arewacin Ghana tun kafin Bature ya shata iyaka, amma har gobe akwai masu yi mana kallon baƙi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Ghana, aka yi ta kwasar mutane daga zango, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Ƙasar ta sami 'yanci tun 1957, duk da haka Turanci ne harshen ofis da na jarrabawa, kuma a makarantar da na yi, yaron da aka kama yana Hausa a aji sai ya sha bulala.

Da mawaƙin Ghana Reggie Rockstone ya fara jera baitoci cikin harshen Twi a shekarun 1990, samarin unguwar Nima, ɗaya daga cikin zangunan Akara, suka ga cewa su ma suna da nasu bakin. A can ƙungiyar mawaƙa ta VIP ta tashi, tana cakuɗa Hausa da Twi, kuma a 2004 ta kwashe manyan kyaututtukan waƙa na ƙasar. Ban manta wata safiya da na tsaya sayen koko da ƙosai, rediyon mai shago ya saki Hausarmu ta zango, wadda ku Kanawa kuke yi wa dariya don ba ta damu da bambanta "ya" da "ta" ba, sai tsohuwar da ke suya ta ajiye matsami ta kasa kunne, domin harshen da ake yi wa jikokinta bulala a kansa ne ƙasa duka take ji.

Abin ma yana da tushe a wajenmu. Alhaji Umaru na garin Kete Krachi a nan Ghana, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, ya tsara waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara da yadda suka rinjayi sarakuna, wato malamin zango ne ya riga samari fuskantar mulkin mallaka da baiti.

Muna tsawatawa idan batsa ta shigo, kuma malamanmu ba su daina jayayya kan kiɗa ba. Amma ni kam ɗana, wanda a da yake amsa mini da Turanci, yanzu shi ne yake zuwa da littafinsa bayan sallar isha'i yana tambayata ma'anar karin magana don ya saka a baitinsa.