Wa ya kashe Malcolm X, kuma don me?

Tambaya: Malam, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu sun ce 'yan ƙungiyar Nation of Islam ne suka kashe Malcolm X, wasu kuma sun dage cewa aikin gwamnatin Amurka ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: An san ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗana kunamar bindiga. Ranar 21 ga Fabrairu, 1965, aka harbe Malcolm, fitaccen mai fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, a zauren Audubon da ke New York, yana shirin fara jawabi, a gaban matarsa Betty da 'ya'yansa. Shekarunsa 39. A nan take aka cafke Talmadge Hayer, ɗan Nation of Islam, ƙungiyar addini ta baƙaƙen fatar Amurka da Malcolm ya taɓa zama a cikinta, kuma ya amsa laifinsa a kotu.

Gabar ma ba ɓoyayya ba ce. Malcolm ya fice daga ƙungiyar a Maris 1964, ya sauke farali, ya rungumi tafarkin Sunna, sannan ya shiga tona asirin shugabanta Elijah Muhammad, cewa ya haihu da sakatarorinsa ba tare da aure ba. Ga mutanen da ke ɗaukar Elijah a matsayin manzo, wannan ridda ce. A Disamba 1964 Louis Farrakhan, ɗaya daga cikin limaman ƙungiyar, ya rubuta a jaridar ƙungiyar cewa irin Malcolm ya cancanci mutuwa. Mako guda kafin kisan aka cinna wa gidansa wuta.

To amma masu zargin gwamnati ba da ka suke magana ba. Hukumar FBI mai binciken manyan laifuka a Amurka ta daɗe tana bibiyar Malcolm, har cikin masu tsaronsa akwai ɗan sandan ciki, Gene Roberts. Ga kuma yunƙurinsa na kai ƙarar Amurka Majalisar Ɗinkin Duniya kan zaluntar baƙar fata, abin da ya kai shi taron shugabannin Afirka a Alƙahira a Yuli 1964.

Abu mafi muni shi ne shari'ar 1966. An ɗaure Muhammad Aziz da Khalil Islam tare da Hayer, alhali Hayer da kansa ya rantse ba su da hannu. Daga baya ya ambaci wasu mutum huɗu daga jihar New Jersey, ba a gurfanar da ko ɗaya ba. Sai a Nuwamba 2021 kotu ta wanke mutanen biyu, bayan an gano FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye hujjojin da za su kuɓutar da su. Khalil kam ya rasu tun 2009.

A ganina, rikicin cikin gida ne ya kashe shi, hukuma kuma ta ga hadari ya haɗo ta naɗe hannu, daga baya ta rufa-rufa. Cewa ita ta ba da umarnin kisan, wannan zargi ne da kotu ba ta tabbatar ba. A Nuwamba 2024 'ya'yansa suka maka FBI da hukumar leƙen asiri ta CIA da 'yan sandan New York a kotu, suna neman diyyar dala miliyan 100.