Tambaya da Amsa: Irin alkama ɗaya, tsatsa ta ci shi a nan, ta bar shi a can

Tambaya: Malam, na karanta cewa irin alkama yakan jure tsatsar ganye a wani yanki, a kai shi wani yankin ta cinye shi. Ƙasa ce ta bambanta ko yanayi? Daga wani ɗalibin aikin gona, Zariya.

Amsa: Ɗalibi, galibi cutar ce ta bambanta. Ƙwayar da ke kawo tsatsar, Puccinia triticina, dangin funfuna ce, kuma jinsi-jinsi take. Juriyar alkama tana cikin ƙwayoyin gado da ake kira Lr, kowace da lambarta. Kamar kwaɗo da mabuɗi ne: wani jinsin yana buɗe Lr17, Lr21 ta gagare shi.

A ido jinsunan duk ɗaya suke, ɗigo-ɗigo ruwan lemo da ke barin gari a yatsa. Sai a ɗakin gwaji ake rabe su. A Amurka, cibiyar binciken cututtukan hatsi da ke birnin St. Paul na jihar Minnesota takan shafa garin cutar a kan tsiron alkamar Thatcher da aka sa wa kowanne Lr guda ɗaya, a jera su huɗu-huɗu. Bayan kwana 10 zuwa 12 a duba waɗanda suka kamu. Kowane rukuni harafi ɗaya yake bayarwa, daga nan ake samun sunan jinsin cutar, irin MBDS.

Abin da manoma suka cika gonaki da shi, shi ke renon jinsin da zai mamaye yankin. Jihar Kansas ta Amurka ta fitar da irin Jagger mai Lr17 a 1994, manoma suka rungume shi, ba a jima ba jinsunan da ke karya Lr17 suka yawaita. Haka irin Faller mai Lr21 ya gamu da nasa a 2010 a jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota. A Meziko kuwa, jinsin BBG/BN ya karya alkamar taliya Altar C84 a 2001. Iska ce ke safara: a Amurka cutar kan yi hunturu a jihar Texas, ta haura arewa da bazara.

Yanayi aikinsa hura wuta. Raɓar awa 6 zuwa 8 da zafin digiri 15 zuwa 22 sun ishe ta, cikin kwana 7 zuwa 10 sabon gari ya fito.

Don haka kada ka tsaya kan "yana jurewa", ka tambayi wace Lr ce a cikinsa. Mu mun fi amincewa da Lr34 da Lr46: suna barin tsatsa kaɗan, amma ba sa zaɓen jinsi. In kuwa ɗigon ya fara hawa, a fesa maganin funfuna irin propiconazole ko tebuconazole kafin ya kai ganyen da ke ƙarƙashin zangarniya.