Tambaya da Amsa: Ƙaryar Tom Sawyer

Tambaya: Anti, ɗana ya nace wa littafin Tom Sawyer, yaron ciki kuwa ƙarya kamar me, kar fa ya koya?

Amsa: Maman yaro kwantar da hankalinki. Marubuci Mark Twain ya fitar da shi a Amurka tun 1876, kuma in kin lura ƙaryar Tom ai tsoron bulalar Anti Polly, 'yar'uwar mahaifiyarsa da ke riƙonsa, ke jawo ta. Ya gudu daga makaranta ya tafi iyo, kwalar rigar da ta ɗinke da farin zare don ta gane in ya cire rigar, ya warware ya sake ɗinkewa da baƙi wai kar ta gane, sai ƙaninsa Sid ya tona masa asiri, ni dariya ma ya ba ni wallahi. Ki tambayi naki in shi ne yaya zai yi, daga amsarsa za ki gane ko tsoronki yake ji.