Zauren Lauya: An tafi da mahaifina a madadin ƙanena

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Daga Kano nake rubutowa. 'Ya'yana uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 6, sai ta goye. Watan jiya maigidan ya miƙo min takarda, saki ɗaya, ya ce in bar masa gida a daren nan. Ya kwashe manyan yaran ya kai wa mahaifiyarsa. Da na huce sai na tura ƙanena ya kwaso min kayan ɗakina. Mutumin nan ya garzaya caji ofis, wai an shiga gidansa an sace firji da talabijin, alhali Babanmu ne ya saya min su lokacin biki. 'Yan sanda suka zo ba su tarar da ƙanena ba, suka tafi da Baba, dattijo mai hawan jini, ya kwana biyu a hannunsu. Innarmu ta je beli aka ce mace ba ta beli, sai da kawu ya zo ya ba da kuɗi. Yanzu sun ce in ba a kawo yaron ba za su sake ɗaukar Baba. Ina mafita?
Wata baiwar Allah, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Maganarki kashi biyu ce: wadda take a caji ofis da wadda ya kamata ta kasance a gaban alƙali. Tsohon mijinki ya cakuɗa su ne don ki firgita ki haƙura da yaran, mu kuma za mu raba su.

Kama Baba haramun ne a doka. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi, kuma dokar nan tana aiki a kowace jiha. Haka ma sashe na 7 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya faɗa. Ko da ƙanenki ya yi sata da gaske, laifinsa ba ya hawa kan mahaifinsa. Tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ƙara da cewa wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ba wani lungu a birnin Kano da zai ce ya yi nesa da kotu. Wannan sashen ne kuma ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, idan ya shigar da ƙara a Babbar Kotu.

Batun cewa mace ba ta beli, al'ada ce ta caji ofis da ta ƙi mutuwa. Dokar 2015 ta ce ƙarara kada a hana mutum tsayawa wani don kawai mace ce, sashe na 42 na tsarin mulki kuma ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Beli a caji ofis kyauta ne. Kuɗin da kawu ya bayar babu rasit ɗinsu domin babu dokar da ta san da su.

Sai dai kada ku ɓoye ƙanenki. Ɓuya na mayar da mai gaskiya abin zargi. Ya dawo, ya je da ƙafarsa tare da lauya, da safe kuma farkon mako, kada ya je ranar Juma'a da yamma ya kwana uku a banza. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da bai karanta ba ko ba a karanta masa da Hausa ba. Takardar nan da ake rubutawa a ranar farko ita ce ke bin mutum har ƙarshen shari'a, kuma na ga mutane da dama da ba shaida ce ta kayar da su ba, sa hannunsu ne. Lauyan ya rubuta wa DPO, ya aika kwafi ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda, ya bayyana cewa rigimar mallakar kaya ce tsakanin waɗanda aure ya raba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ya hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Idan ba ku da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa tana da ofis a Kano, haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, haka ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Firji da talabijin kuwa, a nan sai kin yi shiri. A fiƙihun Malikiyya, idan miji da mata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba na mata ne a bar wa mace da rantsuwa, na maza a bar wa namiji. Amma abin da kowa ke iya mallaka, nan hannun namiji ya fi ƙarfi, domin gidan nasa ne. Gado da kwanuka ba wanda zai yi miki musu. Firji da talabijin suna tsakiya. Ki nemo rasit in yana nan. In ya ɓata, ki tuna waɗanda suka yi miki jere, da direban da ya ɗauko kayan, da hotunan ɗaki da 'yan biki suka ɗauka. Da kin tambaye ni tun farko, da na ce a kwashe kayan a gaban mai unguwa ko wakilan ɓangarorin biyu, a rubuta komai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Masu karatu su riƙe wannan.

Sai yara. Riƙon yara bayan rabuwa, wanda littattafai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne. A mazhabar Malik, wadda kotunanmu na shari'ar Musulunci ke bi, namiji yana hannun uwa har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Maganar nan da ake yi cewa da an yaye yaro, ko ya kai shekara 7, shi ke nan ya zama na uba, al'ada ce, ba hukuncin Malikiyya ba. Ko da uwa ta yi wani auren haƙƙinta ya faɗi, ba kakar wajen uba ake fara dubawa ba. Mahaifiyarki ce a gaba, sannan 'yan'uwanki mata, kafin layi ya zo kan surukarki ta dā. Ciyarwa da tufatarwa da magani da makaranta duk suna wuyan uba, ko yaran suna hannunki, kuma alƙali na yanka masa daidai ƙarfinsa. Shi ma ba a hana shi ganinsu da kula da tarbiyyarsu. Abin da zai iya kayar da ke shi ne ya tabbatar da shaidu cewa ba ki da amana, ko wurin da za ki ajiye su ba tsaro. Faɗa da baki bai isa ba.

Korar da ya yi miki da dare ma kuskure ce. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da su daga gidajensu. Mai saki ɗaya tana idda ne a ɗakinta, kuma cinta da shanta suna kansa har iddar ta cika. Ki haɗa wannan cikin ƙararki.

Ki je kotun shari'ar Musulunci ta yankinku, ki shigar da ƙara a gaban magatakarda, a kai masa sammaci. In kina son a fara da sulhu, Hisba na yi, iyaye ma na yi, amma duk abin da aka daidaita a rubuta shi. Ki adana takardar sakin, ki ɗauki hotonta a waya. Kada ki ja lokaci, domin idan shekara ta wuce yaran sun saba da can, alƙali zai tambaye ki inda kika shiga duk tsawon lokacin nan.

Tambaya: Barista, matata ta kai ni kotu tana neman kul'i bayan wata 8 da aure. Na ce sai ta biya ni sadaki da lefe da kuɗin dina da na gaisuwar iyaye. Abokaina sun ce haƙƙina ne. Haka ne?
Wani magidanci, Zariya

Amsa: Malam, abokanka sun yi maka lissafin kasuwa. Asalin kul'i shi ne hadisin matar Sabit bin Ƙais, wadda Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko za ta mayar masa da gonarsa, wato sadakin da ya ba ta. Ta ce e, aka raba su. Malaman Malikiyya sun halatta a daidaita a kan abin da ya fi sadaki ko ya gaza shi idan an yarda, amma ba kai kaɗai za ka yanka farashin da ka san ba za ta iya biya ba don ka riƙe ta. Kuɗin dina kuwa, jama'a sun ci sun watse, ban san ta inda za ka bi ka karɓo shi ba.

Akwai abin da ba ka faɗa min ba: me ya sa take son fita? Idan ta kawo shaidu cewa kana cutar da ita, da duka ko zagi ko hana abinci, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Idan kuma babu cuta, zuciya ce kawai ta juya, karɓi sadakinka ku rabu da mutunci. Ka kuma sani kul'i saki ne ba'ini: babu kome a cikin idda sai da yardarta da sabon ɗaurin aure. In hukuncin bai yi maka ba, ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, amma akwai wa'adi, ka tambayi magatakarda tun ranar da aka yanke.

Tambaya: Ɗana ya fi shekara a gidan yari. An kama shi cikin samame bayan faɗan 'yan daba, aka ce fashin waya. Duk zaman da aka yi sai a ce ana jiran shawara. Wace shawara ce wannan?
Wata uwa, Katsina

Amsa: Sannu, Hajiya. Idan fashi da makami ake tuhumarsa da shi, majistaren da aka kai shi gabansa ba shi da hurumin sauraron shari'ar, ta Babbar Kotu ce. Abin da ya yi shi ne ba da umarnin a ajiye shi. 'Yan sanda su kai fayil Ma'aikatar Shari'a ta jiha, lauyoyin gwamnati su duba su ce ko akwai hujjar gurfanar da shi ko a sallame shi. Ita ce shawarar. Sau da yawa fayil ɗin bai ma bar hannun ɗan sandan da ya yi bincike ba, ko an yi masa canjin wurin aiki takardu sun kwanta.

Ki samo lambar ƙarar daga magatakardan kotun, da sunan ɗan sanda mai binciken. Da waɗannan biyun lauya zai gano inda fayil ya maƙale, ya rubuta wa Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ya kuma nemi beli a Babbar Kotu, ko da yake belin fashi da makami yana da wuya sai da dalili mai ƙarfi, irin rashin lafiya ko tsawon tsarewa ba shari'a. Babban Jojin jiha kan kai ziyara gidajen yari ya saki waɗanda suka daɗe babu tuhuma a kansu. Ki roƙi jami'in walwala na gidan ya sa sunan ɗanki cikin jerin waɗanda za a gabatar, ki kuma kai kwafin takardun ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Katsina.