Ɗan zango zai iya zama alƙalin Kotun Ƙoli?

Tambaya: Malam, 'yata ta gama sakandare a nan Kumasi, ta ce ita alƙaliyar Kotun Ƙoli za ta zama. Mu mutanen zangon Aboabo ne, ba mu da kowa a sama. Abin zai yiwu kuwa?

Amsa: Hajiya, zai yiwu, amma a shirya wa doguwar tafiya. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce sai mutum ya shekara 15 yana lauya kafin a duba sunansa, ga kuma sharaɗin gaskiya da riƙon amana. Lissafin ba ya farawa sai ta gama digirin shari'a, ta yi karatun aikin lauya irin wanda ake yi a makarantar lauyoyi ta Makola a Accra, an rantsar da ita.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta hawa mataki-mataki. Dubi Georgina Wood. Ta fara da gabatar da ƙara a aikin 'yan sanda, ta zama majistare a 1974, tana sauraron rigimar haya da ƙananan sace-sace. Sai a 2002 ta shiga Kotun Ƙoli, a 2007 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan ƙasar. Shekara 28 ke nan tsakanin kujerar majistare da waccan kotu. Akwai wata ƙofar kuma: a 2020 an ɗauko Farfesa Henrietta Mensa-Bonsu daga jami'ar Legon kai tsaye, ba ta taɓa zama alƙaliyar ƙaramar kotu ba.

Batun "ba mu da kowa", ba zan ɓoye miki ba, siyasa na da hannu. Shugaban ƙasa ne ke naɗawa bisa shawarar majalisar harkokin shari'a, sannan 'yan majalisar dokoki su yi wa mutum tambayoyi a talabijin, a tono hukunce-hukuncen da ya yanke shekara da shekaru. A wannan zaman takardunsa ne ke magana. A shekarar 2020 ɗin ce Mai Shari'a Tanko Amadu ya zama Musulmi na farko a kotun, bayan ya bi ta Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Wanda ya shiga yana aiki har ya cika shekara 70. Yanzu dai ki sa ta dage da Turanci da rubutu, don aikin alƙali rabinsa rubutu ne. In an yi hutu, ki kai ta kotu a Adum, cikin garin Kumasi, ta zauna a bencin baya ta saurara. Ba a biyan ko pesuwa ɗaya.